Injiniya, Ta Ƙi



Duk wanda ya taɓa ɗan zama a shagon mai gyaran kwamfuta, a titin Beirut ne cikin Kano, ko a Computer Village da ke Ikeja a Legas, ko wani ɗan shago a bakin ƙofar jami'a, ya san maganar da aka fi shigowa da ita. Mutum zai yi sallama, ya zuge jaka, ya zaro kwamfuta ya ɗora a kan tebur, ya ce, "Injiniya, ta ƙi." Iyakar bayanin ke nan. Ta ƙi kawo wuta ne? Ta kawo ta tsaya a hanya? Ta buɗe lafiya lau amma ta ƙi shiga intanet? Mai ita bai faɗa ba, don a ganinsa ganowa aikin injiniya ne, shi nasa biyan kuɗi.

To, sharhinmu na yau a kan abin da ke biyo bayan wannan "ta ƙi" ɗin ne, wato yadda masana ke ba mutane amsa idan sun kawo kukan kwamfuta. Akwai mai gyaran da tun ba ka rufe baki ba ya gaya maka ciwon, ya yanka maka kuɗi. Akwai kuma wanda zai tsare ka da tambayoyi har ka fara tunanin ko bai san aikin ba ne. Yawancinmu na farkon muke so, don shi ya fi kama da gwani. Ni kam ina bayan na biyun.

Mu ce wata malamar makaranta ce ta kawo tata ta tafi-da-gidanka a tsakiyar bazara, ta ce tana cikin rubuta sakamakon jarrabawar ɗalibai sai kwamfutar ta ɗauke ɗif, kuma kullum haka take yi. Mai gyaran bai ko ɗauki sukundireba ba tukuna, sai ya ce:

"Hajiya, da kin kunna take mutuwa, ko sai ta jima tana aiki?"

"Takan kai kamar rabin awa."

"Da safe ma haka take yi?"

"Kai, yanzu da ka faɗa, da asuba ba ta cika yi ba. Da rana ne abin ya fi ƙamari."

"A kan me kike ɗora ta in za ki yi aiki?"

"A kan gado mana, wani lokacin in sa filo a cinya in ɗora."

"Kafin ta ɗauke, kina jin fankarta tana gurnani?"

"Sosai ma, ɗana. Har zafi nake ji a cinyata."

Tambaya huɗu, kuma ya riga ya san inda zai nufa. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana fitar da zafi in tana aiki, kuma waɗanda suka ƙera ta sun tsara cewa in zafin ya haura kimanin digiri 100 ta kashe kanta, don kada ta ƙone. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, watan Afrilu yakan haura digiri 40 tun ba a kunna komai ba. Ga kuma ƙurar hunturun da ya wuce ta taru a bakin fanka ta yi kirtif kamar auduga, ga filo ya toshe ramukan shan iska na ƙasa. Sai ya buɗe bayanta, ya zaro ƙurar nan ya nuna wa Hajiya da idonta, ya goge busasshen man da ke kan ƙwaƙwalwar ya shafa sabo, ya ce ta riƙa ɗora ta a kan tebur ko faranti. Ba a taɓa fayil ko ɗaya ba.

Da wurin ɗayan ta faɗa, amsar a shirye take: "Bairos ne, Hajiya, sai an yi mata fomat." Wannan fomat ɗin ya zama kamar maganin mai lasifika a tasha, kwalba ɗaya ta basir ce, ta shawara ce, ta sanyin ƙashi ce. Kwamfuta tana nauyi, fomat. Ta ƙi kama firinta, fomat. Sai a share komai a zuba sabuwar Windows, sakamakon ɗalibai ya tafi, hotunan bikin 'yarta su tafi, ta koma gida ta ɗora a kan filo, bayan rabin awa ta sake ɗaukewa, tunda ƙurar tana nan inda take.

Kada a ce na hana fomat gaba ɗaya. Akwai ranar da shi ne mafita. Amma wanda ya san aikinsa, kafin ya kai can sai ya tambaya, "Akwai abin da ke ciki wanda ba ki da kwafinsa a wani wuri?" Ɗalibai nawa ne suka kai filas ɗinsu shagon buga takardu, suka dawo suka tarar fayilolinsu duk sun koma wasu 'yan gumaka masu kibiya, aka ce musu aikin ya tafi sai dai a share? Alhali irin wannan bairos ɗin ɓoye fayiloli yake yi, ba ya cinye su, kuma wanda ya sani cikin minti kaɗan zai fito da su. Ko wanda aka riga aka goge ma, a tsofaffin rumbunan ajiya masu faifai a ciki, sau da yawa bayanan suna nan kwance har sai an zuba wasu a kansu. Shi ya sa masani na gaskiya abin da zai fara ce maka shi ne ka kashe ta, kada ka sake ajiye komai a ciki. In kuwa rumbun ya fara ƙara, ƙas ƙas ƙas, duk kunnawar da ka ƙara yi ƙara masa rauni kake.

Sai dai mu ma masu kai gyara muna da namu halin. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma mutum zai kawo kwamfutar da shayi ya zube a kanta shekaranjiya, ya shanya ta a rana, ya zo ya rantse cewa haka kawai ta mutu. Wani yaronsa ne ya yar da ita. Wani cajar maƙwabci ya ara ya cusa mata. Wani kuma janareta ne ya yi tsalle da wuta, ko ƙanensa mai karambani ya riga ya kwance ta ya mayar, har sukurori biyu sun yi saura. Duk ba za a faɗa ba, saboda kunya ko tsoron kada kuɗin gyara ya hau. Shi ya sa gogaggen mai gyara ba ya cewa, "Me ka yi mata?" Yana faɗin haka ka shiga kare kai. Sai ya bi ta gefe: "Alhaji, ban da kai wa ke amfani da ita? Yaushe rabonta da yin aiki lafiya? Ranar akwai wutar NEPA ko inji aka tayar?" A hankali gaskiya za ta fito ba tare da kowa ya ji kunya ba. Wannan dabarar ba a littafin kwamfuta take ba, zama da mutane ne ke koyar da ita.

Akwai kuma rubutun da kwamfuta ke fitarwa in abu ya faskara. Ka tambayi mutum me ta rubuta, sai ya ce, "Wani Turanci ne dai, na danna ya tafi." Wannan Turancin kuwa shi ne kwamfutar ke faɗin inda ke mata ciwo, wani lokaci har da lambar da za a bi a gano takamaiman abin. Yanzu da kusan kowa ke da waya mai kyamara, ɗaukar hoton allon kafin a danna komai ya fi bayanin rabin awa. Gani ya kori ji.

Wani abin da masana suka saba da shi shi ne mutum ya zo da maganin da ya yanke wa kansa, ya bar ciwon a gida. Zai ce, "Sa min sabuwar Windows, intanet ya daina buɗewa." Mai gaggawa sai ya sa masa ya karɓi kuɗi. Mai natsuwa sai ya ce, "Ranka ya daɗe, duba can ƙasa ta hannun dama, wace rana take nunawa?" A duba a ga ta koma shekaru da yawa baya. Cikin kwamfuta akwai wani ɗan batir mai kama da kwabo, shi ke riƙe agogo in an kashe ta. A kwamfutocin gwanjo da ake shigo mana da su daga Turai da Amurka sau da yawa ya riga ya tsufa. In ya mutu agogo ya rikice, su kuma shafukan intanet masu tsaro suna da takardar shaida mai ranar farawa da ranar ƙarewa, to in kwanan watan kwamfutarka bai faɗa tsakani ba sai ta ƙi yarda da su. A gyara agogo, a canja ɗan batirin, magana ta ƙare.

Na san akwai amsar da ta fi kowace ba mutane haushi: "Ka kashe ka sake kunnawa?" Mutum ya ji kamar an raina masa hankali. Amma akwai dalili. Duk abin da kwamfuta ke yi a lokacin tana riƙe da shi ne a wata ma'ajiya ta wucin gadi, kuma manhaja takan rikice a can ta ƙi sakin wuri. Sake kunnawa yana share wannan duka. Ga wani abu ma da ba kowa ya sani ba: tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, in ka danna maɓallin kashewa, galibi ba ta mutuwa gaba ɗaya, tana adana wani sashe don ta yi saurin tashi. Wanda ke wanke ta tas shi ne wanda aka rubuta Restart a kansa. Don haka in injiniya ya nace wannan za ka danna, ba wasa yake da kai ba.

Amma uwar tambayoyin duka ita ce, me ya canza? Na'urar da ta yi aiki jiya ta ƙi yau, akwai abin da ya shiga tsakani. Akwai wani labari da masu wannan sana'a ke ji da shi, wanda wani ma'aikaci mai suna Trey Harris ya bayar a 2002. A shekarun 1990 yana kula da wasiƙun imel a wata jami'a da ke jihar Karolina ta Arewa a Amurka, sai shugaban sashen ƙididdiga ya kira shi ya ce ba sa iya aika imel zuwa duk inda ya wuce nisan mil 500, wato kimanin kilomita 800. Duk wanda ya san yadda imel ke tafiya zai ce wannan shirme ne, don wasiƙa ba ta san nisa ba. Kamar a ce saƙo daga Kano yana isa Kaduna da Abuja, amma ya ƙi isa Akra. Su kuwa malaman sashen, da yake ƙididdiga ce sana'arsu, sun yi kwanaki suna tara bayani kafin su kira, har taswira suka zana.

Harris bai yi musu dariya ya ajiye waya ba. Ya zauna ya gwada da kansa. Ya aika Washington ta tafi, ya aika New York ta tafi, ya aika Boston ta ƙi, ya aika Memphis ta ƙi. Ashe gaskiya suke faɗa. Da ya bi diddigin abin da ya canza, sai ya tarar wani da aka ɗauko ya sabunta babbar kwamfutar sashen ya mayar da manhajar aika wasiƙu zuwa tsohon samfuri ba tare da ya lura ba. Tsohon bai gane sabon tsarin da aka rubuta masa ba, sai ya mayar da lokacin jiran amsa sifili, wanda a aikace ya zama kamar kashi 3 cikin 1,000 na sakan. Haske kuwa yana tafiyar kilomita kusan 300,000 a sakan, ka ga a ɗan wannan lokacin iyakarsa kilomita 900, mil ɗari biyar da 'yan kai. Duk garin da ya fi haka nisa, kafin amsarsa ta iso an katse. Abin da ke burge ni a nan ba lissafin ba ne kaɗai. Mutumin ya ɗauki maganar da ta yi kama da wauta da muhimmanci, su kuma masu kukan sun kawo masa bayani tsaf.

Wani lokaci kuma abin da ya canza ba a ɗakinka yake ba sam. Ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike ya tura wata sabuntawa mai kuskure, kwamfutoci kusan miliyan 8.5 masu Windows suka koma shuɗin allo, bisa ƙiyasin Microsoft. Jiragen sama dubbai suka fasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya cak. Gyaran kuwa fayil ɗaya ne za a shiga a goge, sai dai kwamfuta ɗaya bayan ɗaya, da hannu. Mu ma nan mun ɗanɗana namu a ranar 14 ga Maris 2024, farkon azumi, lokacin da manyan wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse daura da gaɓar Kodebuwa, Najeriya da Ghana da maƙwabta suka shiga wahalar sabis, manhajojin bankuna suka yi ta juyi. A irin wannan rana, tambaya ɗaya ta isa: "Kai kaɗai ne, ko na kusa da kai ma haka?" In kowa ne, to a bar na'ura ta huta, lafiyarta ƙalau.

Sai dai wannan ma an mayar da shi mafaka. Ka shiga ofis ko banki, duk abin da ya gagara sai a ce maka "netwok ne," ko da kuwa ma'aikacin ne bai san inda zai danna ba. Faɗin "ban gano ba tukuna, bari in bincika" yana yi wa masana da yawa nauyi a baki, balle faɗin "laifinmu ne." Shi ya sa abin da ya faru a hukumar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB a 2025 ya ja hankali. Bayan ɗalibai da iyaye sun yi ta kukan cewa sakamakon bai yi kama da nasu ba, aka zauna aka bincika, kuma ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida ya amsa cewa an sami tangarɗar na'ura a cibiyoyi 157 a Legas da Kudu maso Gabas, ɗalibai kusan 380,000 suka sake zama. Ɓarnar ta riga ta auku, amma da an tsaya a kan cewa kwamfuta ba ta kuskure, da yaran nan sun tafi da makin da ba nasu ba.

In ka tsaya kusa da mai gyara na ƙwarai za ka ga abu ɗaya yake canzawa a lokaci guda. Ya sauya caja ya gwada. Bai yi ba, ya mayar da ta farko, ya cire batir ya gwada. Wanda ya sauya abu biyar a tare, ko ta tashi bai san wanne ne ya gyara ba, kuma duka biyar ɗin za ka biya. Sannan in ya gama zai gaya maka abin da ya samu da harshen da za ka gane, ya ba ka tsohon abin da ya cire a hannunka. Akwai masu juya maka baya su kare allo da jikinsu don kada ka ga abin da suka danna, wai kar ka koya ka daina zuwa. Akwai masu jefa maka manyan kalmomin Turanci don ka ji kanka ƙarami ka biya ba musu. Ban ga abin burgewa a nan ba. Su ma manhajojin nan masu hira da mutum, irin su ChatGPT da ta fito a ƙarshen 2022, suna da amfani ƙwarai, amma in ka ce musu "ta ƙi" kawai, za su iya jero maka magunguna goma cikin tattausan lafazi, alhali ba su ga ƙurar fankarka ba, ba su kuma san filo kake ɗorawa ba sai ka faɗa.

Sai dai fa a yi hattara, ɓarawo ma ya iya tambaya, kuma ya fi injiniya ladabi. A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana fama da masu kiran tsofaffi su ce daga Microsoft suke, sun hango bairos a kwamfutarsu, su lallaɓa su har su buɗe musu hanyar shiga daga nesa. Ko ranar CrowdStrike ɗin nan ma, kafin a gama gyara 'yan damfara sun fito da sunan masu taimako. Namu na gida kuwa kowa ya san muryarsu: "Ranka ya daɗe, daga banki ne, an sami matsala a BVN ɗinka, za a rufe asusunka yau. Karanto min lambobin da ke jikin katinka, sannan za ka ga wani saƙo ya shigo yanzu, ka karanto min lambar da ke ciki."

Ka dubi inda tambayoyin nasa suka nufa. Mai gyara yana tambayar abin da na'ura ta yi, da lokacin da ta fara, da abin da ta rubuta, kuma kai ne ka je wurinsa da ƙafarka. Wannan kuwa shi ya kira ka, yana gaggauta ka, kuma duk tambayarsa a kan mabuɗin kuɗinka take. Babu bankin da zai kira ka ya nemi lambar sirrin katinka ko lambar nan da ake turowa ta saƙo, kuma Microsoft ba ya kiran mutum haka kawai don ya gaya masa kwamfutarsa ba ta da lafiya. Ko a shagon gyara ne aka nemi kalmar sirrin buɗe kwamfuta ko waya, kana da ikon ka ce a miƙo ka danna da kanka, ka tsaya a gwada a gabanka, musamman in akwai manhajar banki ko hotunan iyali a ciki.